Amsoshin Tambayoyinku: Me Zan Rubuta Kan Manhajar Rumbun Bayanai?

Wani malamin kwamfuta daga Zariya yana tambaya: ina zai samo abin rubutawa kan manhajojin rumbun bayanai?

To Malam, fara da tambayoyin da ɗalibanka suka fi maimaitawa. Ɗauki rajistar makaranta, ka nuna yadda ake zuba sunaye a jadawali ɗaya, sakamakon jarrabawa a wani, lambar ɗalibi ta haɗa su. Edgar Codd na kamfanin IBM ne ya fito da dabarar a 1970. Gwada aiki ɗaya a manhajojin MySQL da PostgreSQL, ka bayyana bambancin. Kada ka raina SQLite, ai tana cikin kowace wayar Android.

A ganina dai, yadda ake ceto bayanan da aka goge bisa kuskure zai fi jan masu karatu.