Matokarin Wuya na Masu Tseren Babur: Ya Cancanci a Saya?

Ɗan'uwa mai tuƙa babur, wataƙila ka taɓa gani a wayar wani: samari suna tsere da babura a kan tudu da kwari, suna tashi sama suna dira. Sunan wannan wasa motokuros, an fi yinsa a Turai da Amurka. In ka duba da kyau, za ka ga waɗansu da wani abu kamar zobe a kan kafaɗunsu, ƙarƙashin hular kwano. Shi ne matokarin wuya. Wani ɗan kabu-kabu da muka ɗinke wa goshi a asibitinmu ya tambaye ni ko ya tara kuɗi ya nemi irinsa. Amsar da na ba shi ita zan ba ka.

Abin da ke cikin wuyanka

Wuyan mutum yana da ƙananan ƙasusuwa 7, an jera su ɗaya bisa ɗaya. Ta tsakiyarsu laka ta bi, daga ƙwaƙwalwa zuwa baya. Ita ce take kai saƙo ga hannu da ƙafa, da mafitsara, har da naman da ke jawo numfashi. Ƙashi in ya karye yakan haɗe. Laka kuwa in ta tsinke ba ta haɗewa. In ta lalace a ƙasan wuya, ƙafafu sukan shanye, hannuwa su yi rauni. In a saman wuya ne, mutum yana iya kasa numfashi da kansa.

Yadda matokarin yake aiki

Wani likita ɗan Afirka ta Kudu, Chris Leatt, shi ya ƙirƙiro irin wanda aka fi sani, bayan ya ga wani mahayi ya mutu a wurin tsere a 2001. Abin mai tauri ne, yana zaune a kan kafaɗu da ƙirji da saman baya. In mahayi ya faɗi, kansa ya tashi lanƙwashewa gaba, ko baya, ko gefe, sai bakin hular kwano ya daki matokarin. Kan ya tsaya a nan, wani sashe na ƙarfin buguwar ya bi ta kafaɗu da ƙirji maimakon ya tafi duka a wuya.

Ka lura da abu biyu. Na ɗaya, ba ya aiki sai da hular kwano mai rufe haɓa. In babu hula, babu abin da zai tokare. Na biyu, bai hana kowane irin rauni ba. In mutum ya dira a tsakiyar kansa, nauyin jiki ya danne wuya daga sama, taimakonsa kaɗan ne. Ko a cikin masu tseren ma ra'ayi ya rabu: waɗansu ba su hawa sai da shi, waɗansu sun ce yana hana su ɗaga kai da juya shi yadda suke so.

To, ya cancanta?

Ga mai tsere, wanda aikinsa tsalle ne da babur, yana kuma da cikakkiyar hula, ƙarin kariya ne, muddin an auna shi daidai da jikinsa da hularsa.

Amma kai ba tsere kake yi ba. Buhun masara kake ɗauka, ko mace da goyo zuwa kasuwa. Kana bukatar juya kai ka ga mota, ka ga shanu. Kuɗin matokari ɗaya kuma ya ninka na hular kwano sau da yawa. Abin da ya fi kashe masu babur raunin kai ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa hular kwano da aka sa daidai tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100, na mummunan raunin kai kuwa da kusan kashi 70. Saboda haka fara da hula:

1. Ta kama kanka, kada ta riƙa juyawa.
2. Ka ɗaure igiyar haɓa kullum. Hular da ba a ɗaure ba takan fita kafin kai ya taɓa ƙasa.
3. Hular leburorin gini ba hular babur ba ce.
4. In ta taɓa shan buguwa mai ƙarfi, a sauya ta, ko da ba ka ga tsaguwa ba.
5. Wanda ka goya ma kai gare shi. A samar masa tasa.

Akwai kuma wani abin wuya na soso da ake sayarwa a kantin magani. Kada ka ɗauka shi ne matokarin. Wannan na mai ciwon wuya ne, ba ya tare komai in ka faɗi.

In wani ya faɗi a gabanku

Wani lokaci ƙashin wuya ya karye amma laka ba ta taɓu ba tukuna. Sai masu taimako su zo da kyakkyawar niyya, su ja shi ta hannu, su jijjiga shi, su zaunar da shi a bayan babur. A nan karyayyen ƙashin yake gocewa ya lalata laka. Mun ga wanda yake motsa ƙafa a wurin haɗari, amma ya iso mana ba ya jin ta.

Ku ɗauka wuya ya karye in mutum ya suma, ko yana kukan wuya, ko hannu ko ƙafa sun mutu, ko yana jin kamar ana soka masa allura, ko fitsari ya kuɓuce masa. Sai ku yi haka:

1. Ku tsayar da motoci, ku ce masa kada ya motsa.
2. Mutum ɗaya ya durƙusa ta wajen kansa, ya riƙe kan da hannu biyu yadda aka same shi. Kada a miƙe wuyan, kada a murɗa.
3. Kada a cire hular, sai in ba ya numfashi ko amai ya toshe masa baki.
4. Kada a ba shi ruwa ko abinci.
5. Ku nemo ƙyauren ƙofa ko faffaɗan katako. Mutum 4 su juya shi gaba ɗaya kamar gungumen itace, kai da kafaɗu da ƙugu tare, su kwantar da shi a kai.
6. A naɗe zane a tokare kan dama da hagu, a ɗaure shi a jikin katakon.
7. In amai ya zo, a karkata shi duka tare da katakon.
8. A kawo shi asibiti a kwance cikin mota ko amalanke, a tafi a hankali.

Kada a kai shi wurin mai ɗori a ja wuyan ko a matsa. A bari a ɗauki hoto tukuna. Ko wanda ya tashi da ƙafarsa, in wuyan yana ciwo, ya zo a duba shi a ranar.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Masu babur nawa ne a garinku suke ɗaure igiyar haɓa?
2. Me ya sa matokarin wuya ba shi da amfani in babu hula?
3. In haɗari ya faru yau a bakin hanyarku, a gidan wa za a samu katako, motar wa kuma za a kira?

Allah ya kiyaye hanya.