Haƙuri, Naci da Sake Dabara: Tunanin Bahaushe kan Faɗuwa a Mizanin Kasuwar Mai'adua

Tsakure

Maƙalar ta auna ra'in Carol Dweck na tunanin bunƙasa da kalmomi da karin maganar Hausa, sannan ta gwada shi da halin da kasuwar Mai'adua ta shiga tsakanin 2019 da 2024. Ta nuna cewa fassara ra'in da kalmar haƙuri kaɗai ta gaza, kuma tashi bayan faɗuwa a wurin Bahaushe ya rataya ga amanar jama'a kamar yadda ya rataya ga zuciyar wanda ya faɗi.

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2006 Carol Dweck ta Jami'ar Stanford da ke Amurka ta fitar da littafinta Mindset, inda ta kasa masu koyo gida biyu. Akwai mai kafaffen tunani, wanda yake ganin basira rabo ce da aka yanka masa tun haihuwa, don haka faɗuwa a wurinsa tonon asiri ce. Akwai kuma mai tunanin bunƙasa, wanda yake ɗaukar basira abin da koyo ke ƙara wa tsawo, faɗuwa kuwa alama ce ta inda gyara ya rage. Tun a 1998 ita da Claudia Mueller suka gwada yara 'yan aji biyar. Waɗanda aka yaba wa kaifin ƙwaƙwalwa sun fi saurin karaya da aka ba su aiki mai wuya, waɗanda aka yaba wa ƙoƙari kuwa suka fi dagewa.

Kalmar da ta fi saurin zuwa bakin mai fassara wannan ra'i ita ce haƙuri. A nan matsalar take.

2.0 Kalmomin Faɗuwa da Tashi

Haƙuri babban ginshiƙi ne a tarbiyyar Hausawa, har Kirk-Greene (1974) ya lissafa shi cikin siffofin mutumin kirki. Sai dai haƙuri ɗaukar nauyi ne ba tare da ƙorafi ba, kuma bai wajabta wa mai shi ya sauya komai ba. Ana ba maras lafiya haƙuri, ana ba wanda aka yi wa rasuwa, wato inda dabara ta ƙare. Juriya da dauriya 'yan ɗakinsa ne. Naci ya ɗara su motsi, domin mai naci yana komawa, amma kalmar tana da ɗan wari: mai naci zai iya buga ƙofa guda sau ɗari da hannu guda. Abin da ya fi kusa da manufar Dweck shi ne sake dabara, ko sake lale a bakin 'yan zamani. Ita kanta ta yi gargaɗi a 2015 cewa yaba ƙoƙari tsagwaronsa, ba tare da sauya hanyar koyo ba, kuskuren fahimtar ra'inta ne.

Karin maganar Hausa ba ta tsaya a gefe guda ba. Bakin da ya ce "hali zanen dutse" da "barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe" shi ne ya ce "da koyo akan iya" da "gemu ba ya hana ilimi". Zai zama son rai a tsinci kashi na biyu a ce shi ne falsafar Bahaushe. Abin lura shi ne rabon aikin da ke tsakaninsu: kashin farko ya fi shafar hali da asali, na biyu kuwa ya shafi iyawa. Bahaushe yana shakkar sauyawar hali, amma bai cika shakkar ƙaruwar iyawa ba. Tsarin tsangaya shaida ne. Almajiri ba ya wanke allo sai karatun ya zauna, kuskure kuma yana mayar da shi ga allon nan ne, ba ya fitar da shi daga makaranta. Gwani ma matsayi ne da ake takawa daga kolo zuwa titibiri zuwa gardi kafin a hango shi.

Ƙasar Daura tana da misalin da kowa ya sani. Muhammadu Buhari ya faɗi zaɓen shugaban ƙasa a 2003 da 2007 da 2011. Akan kawo labarin a matsayin ribar haƙuri, amma nasarar 2015 ta biyo bayan haɗakar jam'iyyun da ta haifi APC a 2013, wadda ta ba shi ƙuri'un kudu maso yamma da bai taɓa samu ba. Sau uku naci ne, na huɗun sake dabara.

3.0 Mai'adua: Faɗuwar da Ba Laifin Mai Ita Ba

Mai'adua tana arewa da Daura, a bakin iyakar Nijar, kan hanyar da ta bi ta Kwangwalam zuwa Matamaye da Damagaram. Kasuwarta ta ranar Lahadi ta shahara da dabbobi da hatsi, kuma numfashinta yana tsallake iyaka. A watan Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, a Nuwamba kuma aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Katsina, saboda matsalar 'yan bindiga, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin wasu ƙananan hukumomi, har da Mai'adua. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufe iyaka, ba a ba da umarnin buɗe ta ba sai Maris na 2024.

Falken da jarinsa ya karye a waɗannan shekaru bai faɗi don lalaci ko kafaffen tunani ba. Duk wanda ya karanta masa darasin Dweck yadda yake, ya ɗora masa laifin da ba nasa ba. Ko a Amurka ma, babban gwajin da David Yeager da abokan aikinsa suka buga a 2019, kan ɗaliban sakandare kimanin 12,000, ƙaramin ci gaba ya nuna, galibi ga masu raunin maki, kuma ya fi ɗorewa a makarantun da ɗabi'ar sauran ɗalibai ta goyi bayan rungumar aiki mai wuya.

Wannan sharaɗi na muhalli shi ne abin da kasuwar Hausa ta daɗe da tanada. Wanda ya rasa uwar kuɗi yana iya komawa dillanci ya rayu da la'ada, ko ya sauka daga shanu zuwa tumaki da awaki, ko ubangida ya ba shi kaya a kan ya sayar ya kawo, ko ya farfaɗo da kwasar adashi. Kowace daga cikinsu sake dabara ce, amma babu wadda mutum ke yi shi kaɗai, sai an samu mai tsaya masa. Abner Cohen (1969) ya bayyana yadda cinikin shanu na Hausawan Sabo a Ibadan ya ginu a kan bashi da lamunin maigida, ba a kan takarda ba.

Saboda haka harshen kasuwa ya raba faɗuwa biyu da ra'in Dweck bai raba ba. Idan aka ce wane ya karye, magana ce ta tausayi, kuma ana sa ran ɗori. Idan aka ce ya ci amana, ko da aljihunsa cike yake, da wuya a samu fatoman da zai sake lamunce masa ko da bunsuru guda.