Daga Dala Zuwa Ƙofar Mata: Darasin Ilimin Halittu a Tsohon Birnin Kano

Ɗalibin da ya taso daga Kazaure, ko Roni, ko Gwiwa, ya biyo hanyar Dambatta zuwa Kano, galibi yakan wuce tsohon birnin ne a cikin mota, abin da zai iya tunawa bai wuce cunkoso da ƙura ba. Amma tsakanin Dutsen Dala da Ƙofar Mata akwai tafiyar ƙafa ta rabin yini, wadda idan aka yi ta da ɗan jagora wanda ya san lunguna, za ta nuna wa ɗalibi abubuwa da dama da ya saba haddacewa daga allo ba tare da ya taɓa ganin su ba. Ɗan jagora zai ba shi tarihin sarakuna da na unguwanni. Wannan darasi zai duba abin da ke ƙarƙashin tarihin, wato ƙasa, da tsirrai, da ƙananan halittun da ido ba ya gani, waɗanda sana'o'in birnin suka dogara a kansu ɗaruruwan shekaru.

A kan Dala

Ya fi kyau a hau dutsen da sassafe, kafin rana ta take. Ƙololuwarsa tana da tsayin mita 534 daga doron teku. Abin lura na farko shi ne launin ƙasar da ake takawa. Saman Dala marmara ce, jar ƙasa mai tauri wadda ke samuwa a ƙasashe masu zafi inda damina da rani ke musanyawa. Ruwan sama yakan wanke gishirin da ke narkewa ya tafi da shi, ya bar ƙarfe da sanholo. Ƙarfen da ya haɗu da iska ya yi tsatsa shi ne ke ba ƙasar jan launi. Wannan tama ce ta jawo maƙera suka zauna a gindin dutsen, kuma binciken masu haƙar kayan tarihi ya nuna ana narka ƙarfe a nan tun wajen ƙarni na 7, tun kafin zuwan Bagauda a shekarar 999.

Daga sama ana hango Goron Dutse da ragowar badala. An fara ginin ganuwar a zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, sarakunan baya suka faɗaɗa ta. Da gangan magina suka kewaye gonaki da filayen kiwo a cikinta, domin birnin da abokan gaba suka yi wa ƙawanya yunwa ce ke fara cin sa kafin mashi. A 2007 an sa ganuwar cikin jerin wuraren da Nijeriya ke nema wa matsayin kayan tarihi na duniya a hukumar UNESCO, duk da haka sassa da yawa nata sun zube, wasu kuma gidaje sun hau kansu.

Gini da kududdufi

A lungunan da ke gangarowa zuwa Kurmi har yanzu ana cin karo da tsofaffin soraye na tubali. Ɗalibi ya ɗaga kai ya dubi rufin zaure. Azarar da ke riƙe da shi daga giginya aka tsago ta, kuma magina sun fi son ta saboda zarenta yana da taurin da gara ba ta cika iya ci ba. Makubar da aka shafe bango da ita kuwa daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa ake jiƙo ta, tana sa bango ya jure wa ruwan sama.

Ƙasar ginin nan daga cikin birnin aka haƙo ta, ramukan da aka bari su ne kududdufai. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano a 1851 da sunan Abdulkarim, ya ƙiyasta mazauna birnin da dubu 30, ya kuma koka da ruwan da ke kwance a tsakiyar gari. Yana da gaskiyarsa. A wannan shekarar ce wani ɗan ƙasarsu, likita Theodor Bilharz, ya gano tsutsar da ke haddasa tsargiya a birnin Alƙahira. Ƙwan tsutsar yana fita ta fitsarin mai cutar, ya ƙyanƙyashe a ruwa, ya shiga jikin wani ƙaramin dodon koɗi mai suna Bulinus, ya hayayyafa a can, sa'annan ya fito ya huda fatar yaron da ya shigo wanka. Da za a hana fitsari isa ga ruwa, da zagayen ya yanke.

Game da sauro kuwa akwai kuskuren da ya yaɗu. Baƙin ruwan kwata mai wari sauron Culex ne ya fi so, wanda ke damun mutane da cizo da kuka. Sauron Anopheles mai ɗauke da zazzaɓin cizon sauro ya fi son ɗan ruwan sama mai haske da ya kwanta a rana, ko da a sawun tayar mota ne. Saboda haka cike babban kududdufi ba lalle ne ya kori zazzaɓi daga unguwa ba. Abin da ya tabbata shi ne yana kawo ambaliya. Kusan duk ruwan da Kano ke samu a shekara cikin wata huɗu yake sauka, mafi yawa a Agusta, kuma kududdufi shi ne randar da ke tare shi, ya bar shi ya tsuma a hankali zuwa rijiyoyi. Inda aka cike shi da shara aka yi gini, ruwan ba ya manta hanyarsa, sai ya shiga ɗakunan mutane. A nan lafiya da tsarin gari suna jan igiya, kuma yashe kududdufi da killace shi ya fi binne shi hikima.

Kurmi

Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499, shi ne ya kafa kasuwar Kurmi. Sunan kansa shaida ne a kan yanayin wurin a da: kurmi ne mai duhuwa a bakin Jakara. Yau babu kurmin, Jakara kuma ta zama magudanar ruwan ƙazanta da ke gangarawa arewa maso gabas, inda rafin Getsi ke ƙaro mata dagwalon masana'antun Bompai, manoma kuma na ban-ruwan kayan lambu da ita.

A layin masu kayan miya hanci ne ke yi wa ɗalibi jagora zuwa ga daddawa. Kalwa, wato ƙwayar ɗorawa, ba ta ciwuwa ɗanya saboda tauri. Mata kan dafa ta na sa'o'i masu yawa, su surfe, su sake dafawa, su rufe ta da ɗumi kwana biyu zuwa uku. A wannan lokaci bakteriya mai suna Bacillus subtilis ke sarrafa ta. Ita wannan bakteriya tana iya ƙunshe kanta cikin ƙwanso mai jure tafasa, don haka idan wuta ta kashe sauran, ita ce ke gaje tukunyar. Tana farfasa furotin zuwa ƙananan sassa. Warin da ake ji iskar amoniya ce, ɗanɗanon kuwa na gulutamet ne, sinadarin da Kikunae Ikeda ya gano a Japan a 1908, wanda kuma shi ne jigon dunƙulen da ake sayarwa a kanti. Mutanen Japan ma da wannan bakteriya suke tsima waken suya.

Goro kuwa ba ya tsira a ƙasar Hausa. A da, daga kurmin Asante fatake ke ɗauko shi ta Gwanja, tafiyar watanni a kan jakuna. Abin da ya sa ake ƙunshe shi cikin ɗanyen ganye ana yayyafa ruwa shi ne ƙwayar tana da rai, tana numfashi. Idan ta bushe ta mutu, idan ruwa ya yi yawa ta yi fumfuna. Dole a riƙa kwance huhun ana tsince wanda ƙwaro ya huda, kuma daga wannan ɓarnar goro ce Hausa ta aro kalmar sankara ta sa wa ciwon daji. Babbar hada-hadar goro ta koma kasuwar Mariri, amma ana samun na sayen ɗai-ɗai a cikin gari.

Wanda ya san mahautar Kano shekaru arba'in da suka wuce zai lura da wani rashi: angulu ta ɓace. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa irin angulun da ke zama cikin garuruwanmu a sahun tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, saboda guba da farautar sassan jikinta. Tsamin cikinta yana kashe ƙwayoyin cuta masu yawa da ke cikin mushe. Aikin da take yi kyauta yanzu ya koma ga karnuka da ƙudaje.

Majema

Fata ɗanya furotin ce mai suna kolajin, kuma abinci ce ga bakteriya, shi ya sa take ruɓewa. Majemi yakan jiƙa ta a ruwan toka har gashi ya saki, ya kankare, sa'annan ya tsoma ta a ruwan dakakkiyar bagaruwa. 'Ya'yan bagaruwa cike suke da tanin, sinadarin nan mai ɗaure baki da ake ji a goro da shayi mai kauri. Tanin yana kama zarurrukan kolajin ya ɗaure su da juna, har bakteriya ta kasa cin su. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi da aka jeme ta wannan hanya ta ratsa Sahara zuwa Turai, inda aka san ta da sunan fatar Maroko. Manyan masana'antu na Sharaɗa da Challawa da gishirin kuromiyam suke jima. Ya fi sauri, amma dagwalonsa ba ya ruɓewa kamar na bagaruwa.

Karofin Ƙofar Mata

A nan ya kamata a daɗe. Marina suna danganta kafuwar wannan karofi da shekarar 1498. Ramuka ne masu ƙaramin baki da zurfi, an dalaye cikinsu yadda ba sa yoyo.

Ganyen baba, wanda masana ke kira Indigofera, kore ne, babu shuɗi a cikinsa. Abin da ke ciki sinadari ne marar launi mai suna indikan. Idan aka daka ganyen aka bar shi ya tsimu, sai indikan ya rabu da sukarin da ke manne da shi, ragowar ta haɗu da oksijin ta zama shuni. Matsalar ita ce shuni ba ya narkewa a ruwa, kuma abin da bai narke ba ba zai shiga zaren auduga ba. Wannan ita ce matsalar da ramin marini ke warwarewa.

Marini yakan zuba ruwa, da baba, da toka, da katsi, ya riƙa motsawa da muciya kwana da kwanaki. Toka tana kai ruwan ɓangaren kanwa, wajen 10 zuwa 11 a ma'aunin pH, inda yawancin bakteriya masu ruɓar da abu ba sa rayuwa. Waɗanda suka rage su ne masu son kaifin toka. Suna cin ragowar ganyen, su ƙarar da oksijin da ke cikin ruwan, sa'annan su juya ga shuni su ɗora masa lantarkin da suka samo daga abincinsu. Da haka shuni ke rikiɗa ya zama mai narkewa, launinsa ya koma rawaya-rawaya mai ratsin kore. Zurfin ramin da ƙanƙantar bakinsa suna rage haɗuwar ruwan da iska, ƙasar da ke kewaye kuma tana riƙe ɗumi daidai dare da rana. Kumfa mai ƙyallin tagulla da ke tasowa a sama ita ce shunin da iska ta taɓa, kuma da ita, da wari, da ɗanɗano a harshe, marini ke gane baba ya nuna. A 1999 masu bincike a Ingila suka bayyana wata bakteriya mai wannan aiki, Clostridium isatidis, daga tukunyar rinin gargajiyar Turai, a Japan kuma an samu dangin Alkalibacterium.

Ɗalibi ya tsaya ya kalli zane yana fitowa daga rami. Kore yake fitowa. Cikin 'yan mintuna, a gaban idonsa, sai ya koma shuɗi, domin oksijin ya mayar da shunin yadda yake tun farko, marar narkewa, amma yanzu a tsare cikin zare. Kowane tsomi yana ƙara duhu, shi ya sa baƙin rini ya fi tsada. Da yake shunin maƙalewa ya yi kawai, bai ƙulla da audugar ba, yakan zuba. Turkuɗin Kura, wanda ake bugawa da ƙarin shuni har ya yi walƙiya, shi ne ke rina fuskokin Buzaye.

Idan baba ya mutu, akan kwashe laka daga gindin ramin, a busar, a ƙona, ta zama katsi. Wani katsin ya koma sabon rini. Wani kuma a haɗa shi da gashin jima daga majema da yauƙin dafara, a sami laso, simintin da ake dalaye ramin da shi, ake kuma shafe rufin soro. Sharar marini da ta majemi ita ce kayan aikin magini.

A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, bisa binciken Adolf von Baeyer. Sinadarin iri ɗaya ne da na baba, sai dai ana narkar da shi da wasu sinadarai cikin mintuna, babu jiran bakteriya. Wannan, tare da yadi mai araha daga waje, shi ya sa ramuka da yawa a Ƙofar Mata suka bushe suka cika da shara. Ramin da ya bushe ana iya yashe shi, amma sanin lokacin da za a ƙara toka a harshen tsofaffin marina yake, kuma masu koyo sun yi ƙaranci.

Gwajin da za a yi bayan an koma gida

A roƙi marini ɗan ruwan rami a kwalba. A jiƙa zoɓo a ruwan zafi, a tace, a raba a kofuna uku na gilashi. A ɗiga ruwan tsamiya a na farko, ruwan kanwa a na biyu, ruwan rini kaɗan a na uku. Na farko zai ƙara ja, na biyu zai juya ya yi duhu mai ratsin kore, na uku kuma zai bi sahun na biyu. Daga nan a riƙa ɗiga ruwan kanwa a kofin farko ana ƙirga ɗigo, har jan ya gushe, a rubuta adadin. Abin da Hausawa ke nufi ke nan da kanwa ta kar tsami. Zoɓo da tsamiya da kanwa duk ana samun su a kasuwar Kazaure ko ta Ɓaɓura, ruwan tokar murhu da aka tace kuma zai iya maye gurbin na rami.