Darasin Wannan Wata: Itacen Girki Tsakanin Baƙo da Mai Masauki

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Amma baƙon da ruwa ko tashin hankali ya raba da gidansa yakan daɗe, kuma kullum sai ya hura wuta. Daji ɗaya ne shi da mai masaukinsa suke shiga neman itace.

Abin da ya faru a bakin Kwara

Mutanen Ngaski, Yauri da Shanga sun san ƙaura. A shekarar 1968 aka gama gina madatsar ruwa ta Kainji a kan kogin Kwara. Ruwa ya cinye tsohon garin Bussa da tsibirai da ƙauyuka masu yawa. An tashi mutane fiye da 40,000 zuwa sababbin matsugunai a kan tudu, cikinsu har da Gungawa da suka saba zaman tsibiri.

Tafkin ya kawo kifi, kifi ya jawo masunta daga nesa. Kowace banda tana cin itace, ga kuma na girki da na gawayi. A shekarun baya-bayan nan kuma 'yan bindiga da ambaliya sun kori mutane daga ƙauyuka zuwa manyan garuruwa. Murhu ya ƙaru, daji bai ƙaru ba.

Idan itace ya yi nisa, mata da yara ne ke shan wahala. Suna yin doguwar tafiya cikin haɗari. Wani lokaci a sare ɗorawa ko kaɗanya a gonar wani, rigima ta tashi. Ƙasar da ba bishiya kuma ruwan sama na zaizaye ta zuwa cikin tafki. Hayaƙi ma cuta ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin girki a cikin gida yana kashe mutane kimanin miliyan 3 a shekara.

Yadda wasu suka yi

A arewacin Kamaru akwai sansanin Minawawo. An buɗe shi a 2013 don 'yan Nijeriya da suka guje wa rikicin Boko Haram. Cikin 'yan shekaru itatuwan wurin suka ƙare, zama ya yi tsami tsakanin baƙi da 'yan gari. Sai aka haɗa su aikin dashe tare. Zuwa 2021 an dasa bishiyoyi fiye da 300,000. Mata kuma suka koyi yin curin gawayi da sharar gona, suna girki da shi, suna sayarwa.

A jihar Maraɗi ta Nijar, tun daga 1983 manoma suka fara abin da ake kira sassaben zamani. Ba su ƙone kututture. Suna barin tohonsa ya girma. Da wannan dabara miliyoyin bishiyoyi suka dawo gonaki ba tare da an sayi iri ba.

Abubuwa huɗu da kowane gida zai iya

1. Murhun laka. A kwaɓa laka da kashin shanu da busasshiyar ciyawa. A gina katanga kewaye da duwatsun murhu, daidai girman tukunya. A bar ƙofa ɗaya ta sa itace, da ɗan sarari tsakanin tukunya da katanga don hayaƙi ya fita. A bari ya bushe sosai kafin a hura wuta. Iska ba ta kwashe zafinsa, don haka itace kaɗan ya isa.

2. Curin gawayi. A tara karan dawa, totuwar masara da ɓawon gyaɗa. A ƙona su cikin durom, a rufe kafin su zama toka. A daka, a kwaɓa da kokon rogo, a cura, a shanya har ya bushe. Kada a hura shi cikin ɗaki a rufe, domin iskarsa tana kisa.

3. Renon toho. Lokacin sharar gona, a zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi a kan kututture. A yanke sauran a kai gida a yi girki.

4. Banda mai hawa. A gina ta da laka, a jera faifan waya bisa juna, a rufe na sama. Wuta ɗaya sai ta kyafe kifi mai yawa. Irin wannan banda ta fito daga ƙauyen Corko na ƙasar Gana a 1969.

Mai gari da masu unguwa su ware fili don dashe. Baƙi da 'yan gari su yi ban ruwa tare, su kuma yarda da yadda za a raba itacen idan ya girma. Wanda ya yi wahalar shuka ba ya bari a sare a banza.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka gama madatsar Kainji?
2. Me ya sa murhun laka ba ya cin itace da yawa?
3. Da me ake yin curin gawayi?
4. A rubuta sunayen bishiyoyi biyar da suka yi ƙaranci a ƙauye, a kawo wa malamin aji.