Darasi na Makon Kirsimati: Siman, Hannatu da Kukan Rahila

Abin karantawa: Luka 2:22-38, Matta 2:13-18, Irmiya 31:15-17.

Ya ku 'yan'uwa, lokacin Kirsimati ya zo. An ɗinka sababbin riguna, zumuntar mata tana koyon waƙoƙi, ana ta cinikin akuya da shinkafa. Amma cikin kowace ikilisiya akwai waɗanda wannan mako ya fi kowane mako nauyi a gare su. Wata ta binne mijinta a bana. Wani yana kwance, kuɗin magani ya ƙare. A Madalla, bam ya tashi a cocin St. Theresa ran Kirsimati na 2011. A ƙauyukan Bokkos da Barkin Ladi kuma an kashe mutum fiye da ɗari a jajiberen Kirsimati na 2023. Ga iyalan nan, ranar murnar duniya ita ce ranar tunawa da matattunsu. Darasinmu na yau dominsu ne.

Kwana 40 bayan haihuwar Yesu, Yusufu da Maryamu suka hau daga Baitalahmi zuwa Urushalima, tafiyar kamar mil 6, domin su cika ka'idar tsarkakewa. Shari'a ta ce a kawo ɗan rago, amma wanda ba shi da hali ya kawo kurciya biyu ko 'yan tattabaru biyu (Littafin Firistoci 12:8). Tsuntsaye suka kawo. Ashe a gidan talaka aka yi Kirsimati na fari.

A cikin haikali suka gamu da Siman, mutum mai adalci, wanda Luka ya ce yana sauraron ta'aziyyar Isra'ila. Mu lura da kalman nan da kyau. Mun san ta'aziyya: ana yin ta inda aka yi rashi, a shimfiɗa tabarma, mutane su zo su zauna tare da masu makoki. Watau Isra'ila gidan makoki ce a kwanakin nan, ƙarƙashin mulkin Romawa da na Hirudus, Siman kuwa yana jiran Mai-zuwa gaisuwa. Sa'anda ya rungumi jaririn, ya gane Allah da kansa ya shigo ya zauna a tabarmarmu. Romawa suna nan, haraji yana nan, tsufansa kuma bai ragu ba. Duk da haka ya roƙa a sallame shi lafiya, gama idonsa ya ga ceto.

Amma tsohon bai ɓoye wa Maryamu gaskiya ba. Bayan ya sa albarka, ya gaya mata takobi za ya soki zuciyarta. Wa zai faɗi irin wannan magana ga mai jego? Siman ya faɗa, ta kuwa cika sa'anda Maryamu ta tsaya kusa da gicciye (Yohanna 19:25). Begen da ba ya ambaton takobi, ba za ya jimre ranar takobi ba. Mu kan yi saurin ce wa mai kuka, haƙuri maganin duniya, mu kakkaɓe riga mu tafi. Sau da yawa kuwa domin kukansa ya dame mu ne.

Matta ya ƙara mana abin da ba a cika nunawa a wasan yara na Kirsimati ba: Hirudus ya sa aka karkashe 'yan yara maza na Baitalahmi, daga mai shekara 2 zuwa ƙasa. Sai Matta ya tuna da maganar Irmiya a kan Rahila, tana kuka a Rama domin 'ya'yanta, ta ƙi ta'azantuwa. Rama ita ce inda aka tara kamammu kafin a kora su Babila (Irmiya 40:1). Ubangiji bai tsauta wa Rahila ba. Ya bar ta ta yi kuka, sa'an nan ya yi mata alkawari cewa 'ya'yanta za su komo daga ƙasar maƙiyi, akwai bege domin ƙarshenta. A cikin wannan sura ɗaya ne kuma aka yi alkawarin sabon alkawari (aya 31), wanda Yesu ya hatimce da jininsa. Yaron da ya tsira zuwa Masar ya komo ya mutu, ya tashi, domin yaran da ba su tsira ba su tashi tare da shi.

Sai Hannatu, 'yar Fanuyila, ta kabilar Ashiru. Shekara 7 kaɗai ta yi da mijinta, ta zauna gwauruwa har ta kai shekara 84. Ba a ce ta manta da shi ba. An ce ba ta rabuwa da haikali, tana azumi da addu'a dare da rana. Irin wannan warkarwa ba ta gaggawa: tabon yana nan, amma miki ya rufe. Ita ce kuwa, wadda ta daɗe da sanin baƙin ciki, ta fita tana ba da labarin yaron ga dukan masu sauraron fansar Urushalima.

Ga mai koyarwa: kada ka tilasta wa kowa ya yi magana. Tambayi ƙungiya, don me Luka da Matta ba su cire takobi da kukan Rahila daga labarin haihuwa ba? Wace magana ce ta ta'azantar da ku a ranar rashi, wace kuma ta ƙara ciwo? Kafin a tashi, a rubuta sunayen gidajen da aka yi rashi ko ake jiyya a bana, a raba su ga mutum biyu biyu, a kai musu tuwon Kirsimati, a zauna da su ko da ba za a ce kome ba. A haddace Irmiya 31:17 kafin mako mai zuwa.