Gubar Dalma da Abin da Hoton Ƙwaƙwalwa Ya Nuna

Ya ku jama'ar Anka da Gummi da Bukkuyum, wannan takarda bayani ce a kan wata na'ura da likitoci ke duba cikin kan mutum da ita ba tare da an tsaga shi ba, da kuma abin da ta gano game da dalma. Ba sai an gaya wa mutanen wannan yanki mece ce dalma ba. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara ƙanana suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Da fari an zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, domin yaro yakan yi amai, ya shiga jijjiga, ya suma. Sai da aka aika da jini aka gwada, sannan aka gane gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gida. Yara wajen 400 suka rasu. A Dareta da 'Yargalma, binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta yi tare da jami'an lafiyar Nijeriya ya nuna cewa ɗaya cikin kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar ya rasu a cikin shekara guda, kuma galibinsu sai da suka yi jijjiga kafin rai ya yi halinsa. Jijjiga kuwa alama ce ta cewa cutar ta taɓa ƙwaƙwalwa.

To, yaya ake ganin ƙwaƙwalwa alhali tana rufe cikin ƙoƙon kai?

Na'urar ita ce wadda a asibiti ake kira MRI, wato hoton maganaɗisu. Wani ƙaton mayen ƙarfe ne mai rami a tsakiya, ana kwantar da mutum a kan gado mai tafiya, a tura shi ciki. Ƙarfin irin wadda aka fi amfani da ita ya ninka na maganaɗisun ƙasa sau wajen 30,000. Ga yadda take aiki. Kusan kashi uku cikin huɗu na ƙwaƙwalwa ruwa ne, a cikin ruwan kuma akwai wasu ƙwayoyi ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani, kowace tana fuskantar inda ta ga dama. Da zarar mutum ya shiga ramin, sai su daidaita kamar masallata sun tayar da sahu. Daga nan na'urar ta aika musu da igiyar rediyo ta karkatar da su, ta ɗauke, su kuma wajen komawa yadda suke sai su saki wata 'yar alama. Kwamfuta ce ke tattara alamun ta mayar da su hoto, yanki-yanki, daga goshi har ƙeya. Da yake ruwan da ke kowane sashe ya bambanta, likita yana iya rarrabe lafiyayyen wuri da kumburarre da wanda ya motse. Paul Lauterbur na Amurka ya nuna hanyar a 1973, Peter Mansfield na Ingila ya sa ta yi sauri, aka ba su kyautar Nobel tare a 2003.

Wanda za a yi wa hoton kada ya tsorata. Babu allura dole, babu yanka, kuma babu hasken nan na hoton ƙashi. Akwai dai ƙara mai yawa, gwam-gwam, har sai an toshe wa mutum kunne, kuma ana so ya kwanta shiru na kamar rabin sa'a. Yaro ƙarami ba ya iya wannan, don haka akan ba shi maganin barci. Abu guda da ba a wasa da shi shi ne ƙarfe. A cire ɗan kunne da awarwaro da makulli da waya, laya ma a cire ta. Wanda ke da harsashi ko ɓarɓashin ƙarfe a jikinsa, a wannan zamani namu kuwa ba a rasa irinsu, lalle ya faɗa wa likita tun kafin ya shiga ɗakin.

Yanzu mu zo ga abin da ya fi shafar mu. A birnin Sinsinati na Amurka akwai wasu yara da aka haifa tsakanin 1979 da 1984 a tsofaffin gidaje masu fentin dalma. Tun suna ciki ake auna dalmar da ke jinin iyayensu mata, bayan haihuwa aka ci gaba da auna nasu shekara da shekaru. Da suka girma, sai wata masaniya, Kim Cecil, da abokan aikinta suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutum 157 daga cikinsu, suka fitar da sakamakon a 2008. Sun tarar cewa gwargwadon yawan dalmar da yaro ya sha yana ƙarami, gwargwadon yadda wani sashe na ƙwaƙwalwarsa ya ragu bayan ya zama babba. Inda abin ya fi tsanani shi ne gaban ƙwaƙwalwa, bayan goshi, wurin da ke kula da tsara al'amura da natsuwa da danne fushi. Ya kuma fi bayyana a jikin maza.

Ku lura da lissafin nan. Matsakaicin dalmar jinin yaran Sinsinati kusan 13 ne a ma'aunin likitoci. A Dareta da 'Yargalma, kusan duk yaran da aka gwada sun kai 45 ko sun wuce, wato matakin da ake fara ba da maganin fitar da guba, da yawa kuma sun zarce 65, iyakar abin da 'yar na'urar gwajin jinin ke iya karantawa. Maganin yana rage dalmar jini, ya ceci rai, kuma ya ceci dubban yara a nan. Abin da ba ya yi shi ne mayar da naman ƙwaƙwalwar da ya riga ya lalace. Saboda haka yaron da ya tsira a 2010, yau ga shi saurayi, idan aka ga karatu ya gagare shi ko yana da saurin hasala, kada a yi gaggawar cewa dakiki ne ko ya yi gamo. Ana iya samun dalili a abin da ya lasa yana rarrafe.

Shin kowane yaro sai an kai shi hoton ƙwaƙwalwa? A'a. Na'urar tana da tsada, tana son wutar lantarki marar yankewa, kuma wani ƙiyasi da aka buga a 2018 ya ƙirga guda 58 kacal a duk faɗin Nijeriya, yawancinsu a manyan birane. Ko da tana bakin ƙofa ma, ba da ita ake gano gubar dalma ba. Ɗigon jini daga yatsa shi ke nunawa. Amfanin hoton a wurinmu shi ne hujjar da ya kafa, cewa ɓarnar tana nan ko yaro bai taɓa jijjiga ba.

Dalmar kuwa ta hannu take shiga. Uwa tana dakan dutse a tsakar gida, ƙura tana sauka a kan tabarma da ƙwaryar fura, jariri yana rarrafe yana kai yatsa baki. Cikinsa yana tsotse dalma fiye da na babba nesa ba kusa ba. Wannan ya sa aka kankare saman ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, a ƙauyuka bakwai tun daga 2010, a Bagega kuma sai a 2013 bayan an daɗe ana jiran kuɗin gwamnati. A 2015 irin wannan annoba ta ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, ta hanya iri ɗaya. Mutumin Gummi da ke zuwa haƙa a wani daji yana iya kawo ƙurar gida a jikin rigarsa. Don haka a niƙa dutse a bayan gari, a jiƙa shi da ruwa, kada a taɓa shi da injin niƙan hatsi ko turmin dawa. Mai aikin ya yi wanka ya sake tufafi kafin ya ɗauki ɗansa. Mata kuma su sani cewa wani kwallin dutse da ake rambaɗa wa jarirai, shi kansa dutsen dalma ne aka niƙa.