Amanar Ƙananan Yara: Hukuncin Mai Lalata da Su da Haƙƙin Wanda Aka Zalunta

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya sanya ɗiya su zama amana a hannun iyaye da dangi da malamai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata mas'ala mai nauyin faɗi, watau lalata da ƙananan yara, mata da maza. Mun san kunya ado ce ga Musulmi. Amma kunyar da ke hana bayyana hukuncin Allah, har azzalumi ya samu mafaka a cikinta, malamai ba su lissafa ta cikin kunyar da shari'a ta yaba ba.

A watan Oktoba na 2024 hukumar UNICEF ta fitar da ƙididdiga cewa mata sama da miliyan 370 a duniya, watau ɗaya cikin takwas, an yi musu fyaɗe ko an taɓa su ta hanyar lalata kafin su cika shekara 18, kuma miliyan 79 daga cikinsu suna ƙasashen Afirka na kudu da Sahara. Maza ma ba su tsira ba, domin an ƙiyasta tsakanin miliyan 240 da 310. To kada wani ya ce wannan ciwon Turai ne. A cikin jaharmu ta Tawa aka yi abin da duniya duka ta ji labarin shari'arsa.

A shekarar 1996 aka sayar da Hadijatu Mani, tana da shekara 12, a kan jika 240 na sefa, ga wani mutum mai shekara 46 a yankin Birnin Ƙonni, da sunan wahaya, watau mace ta biyar wadda ba a ɗaura mata aure ba. Ba ta cika shekara 13 ba ya afka mata, kuma haka ta zauna wajen shekara tara cikin bauta da duka. A 2005 ya ba ta takardar ƴanci, amma ya hana ta tafiya, wai matarsa ce. Da ta auri wanda take so, sai ita aka yanke wa wata shida a kurkuku bisa zargin aure kan aure. Da taimakon ƙungiyar Timidria ta kai ƙara kotun CEDEAO, kuma ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ta ce ƙasa ta kasa kare ta, a biya ta diyyar miliyan 10 na sefa. A 2014 kotun Ƙonni ta ɗaure wani mutum shekara huɗu saboda wahaya, a 2019 kuwa babbar kotun ƙasa ta tabbatar da cewa al'adar ta saɓa wa doka.

Abin takaici a cikin wannan labari shi ne rigar addini da aka sanya masa. An ce ƙwarƙwara ce, alhali Buhari ya ruwaito cewa wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa yana cikin mutane uku da Allah da kansa zai zama abokin husumarsu ranar ƙiyama. Tun a 1615 Shehu Ahmadu Baba na Tumbutu ya yi fatawa cewa bai halatta a bautar da Musulmi ɗa ba, kowane irin launin fatarsa. Yarinya Musulma ƴar shekara 12 da aka saya da kuɗi, abin da aka yi mata sunansa fyaɗe, ko da mai yin ya yi rawani.

Sai dai wahaya ɓangare guda ce. Mafi yawan abin yana faruwa ne a inda ba a zato, kuma daga hannun wanda yaro ya sani: maƙwabci, ɗan'uwa, mai shago, wani lokaci ma, Allah ya kiyaye, wanda aka damƙa wa yaro don ya karantar da shi. Mu dubi halinmu na Adar. Da an gama girbi magidanta sun kama hanyar Abijan ko Libiya ko Najeriya, wani sai ya shekara biyu bai waiwayo ba, uwa ita kaɗai da aiki da ɗiya. Yarinya ta ɗauki talla zuwa tasha ko bakin kasuwa, an ce kada ta dawo sai ta sayar, magariba ta yi mata a waje. Wani ya ce ta biyo shi ɗaki ta karɓi kuɗinta. A ƙauye kuma rijiya da nisa, itace da nisa. Almajiri ɗan shekara bakwai yana kwana zaure ɗaya da ƙarti, ba mai tambaya. Ga salula ta shigo da hotunan batsa har cikin aljihun yara.

Hukuncin shari'a a nan bayyananne ne. Yaro ba shi da laifi ko kaɗan, domin an ɗauke alƙalami daga kansa har ya balaga, kuma yardarsa ba yarda ba ce, ko da an yaudare shi da alewa ko da dala biyar. Wanda aka tilasta ma, ko babba ne, babu zunubi a kansa. Aya ta 33 ta Suratun Nur ta sauka ne game da kuyangin da munafuki Abdullahi ɗan Ubayyu yake tilasta wa fasiƙanci, kuma gafara da rahama aka yi musu alkawari. Shi kuwa mai laifin, a mazhabar Imamu Malik haddi yana kansa, sa'an nan ya biya sadakin irinta, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa. Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, babban malamin Malikiyya na Andalus, ya tafi a kan cewa ƙwace mace da ƙarfi fashi ne, har ya fi fashin dukiya muni, domin mutum yana iya haƙurin dukiyarsa amma ba ya haƙurin mutuncin iyalinsa. Dokar hukunta laifuka ta Nijar, bayan gyaran 2003, ta yanka ɗaurin shekara 10 zuwa 20 ga mai fyaɗe, idan kuwa yaron bai kai shekara 13 ba, 15 zuwa 30.

Yanzu sai mu tsaya a kan shubuhar da ta fi kowace ɓarna a cikinmu, ita ce maganar rufin asiri. Da abu ya faru sai dattawa su taru a ce a rufa, ai Musulmi ɗan'uwan Musulmi ne, a karɓi ɗan abin magani a yi shiru. Lalle suturta Musulmi abin so ne. Amma Imamu Nawawi ya yi bayani cewa wannan ya shafi wanda ba a san shi da cuta da ɓarna ba. Wanda rufa masa zai ƙara masa ƙarfin hali, abin da ya dace shi ne a kai maganarsa ga hukuma. A cikin Riyadus Salihin ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum ba ya zama giba, daga ciki akwai kai ƙarar zalunci da gargaɗin Musulmi daga sharri. Mai lalata da yara da wuya ya tsaya a kan yaro guda. Wanda ya rufa masa yau, ya sani ya buɗe masa ƙofar gidan maƙwabcinsa gobe. Asirin da ya wajaba a rufa shi ne na yaron: kada a yaɗa sunansa, kada a mai da shi abin hira a majalisa ko a bakin rijiya.

Wasu kuma sukan ce ina shaidu huɗu? Shaidu huɗu sharaɗi ne na tsayar da haddin zina. Ba su ne kaɗai hanyar da alƙali ke gane mai laifi ya yi masa ta'aziri ba. A Suratu Yusuf, yagewar riga ta baya ita ta bayyana mai gaskiya, kuma malamai sun kafa hujja da wannan a kan aiki da alamomi. Binciken likita a yau yana cikin wannan babi. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Wa'ilu ɗan Hujru (R.A.) labarin matar da aka afka wa a kan hanyarta ta zuwa salla. Ta ɗaga murya ta faɗa wa mutane, Manzon Allah (S.A.W.) bai tsawata mata ba, bai tambaye ta me ya fitar da ita ba, ya sallame ta da bushara ta gafara. A cikin ruwayar kuma, wanda jama'a suka fara kamawa ba shi ne ba, sai daga baya mai laifin ya miƙe ya amsa. Saboda haka ba a ba taron unguwa ikon duka ko kisa ba. Bincike aikin hukuma ne.

Amma aurar da yarinya ga wanda ya lalata ta don a wanke sunan gida, wannan ƙara zalunci ne a kan zalunci. Sadakin da Malik ya ambata haƙƙinta ne na diyya, ba ya ɗaura aure, ba ya kuma sauke hukunci.

To idan abin ya auku, me ya kamaci iyaye? Sau da yawa yaro ba ya faɗi da baki, saboda an tsorata shi ko an rantsar da shi. Sai a ga ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ko yana firgita cikin barci, ko ya ƙi zuwa wani gida da ya saba zuwa, ko yana jin ciwo wajen zama da tafiya, ko a gan shi da kuɗin da ba a san mafarinsu ba. Idan ya buɗe baki, a saurare shi cikin natsuwa. Kada a doke shi, kada a ce ƙarya yake yi, kada uwa ta kama kururuwa a gabansa har ya yi nadamar faɗi. A gaya masa a fili cewa ba laifinsa ba ne, kuma ya kyauta da ya faɗa. Sa'an nan a gaggauta kai shi likita tun ba a yi masa wanka ba, a tafi da tufafin da ke jikinsa ba a wanke ba. Gaggawar tana da dalili: maganin da ke kare mutum daga kamuwa da ciwon sida sai an fara shi cikin awa 72, watau kwana 3, a sha har kwana 28. A birnin Tawa akwai babban asibitin jaha da cibiyar lafiyar uwa da yaro, a ƙauyuka kuma a fara da likitar da ta fi kusa. A nemi takardar likita, a kai ta wurin ƴan sanda ko jandarmomi.

Raunin jiki yakan warke cikin makonni, na zuciya yakan ɗauki shekaru. Kada a cire yarinya daga lakwal ko islamiyya saboda abin da aka yi mata, kada kishiya ko ƙawa ta yi mata gori da shi, kuma idan lokacin aurenta ya zo kada a rage mata daraja. Yaro namiji ya fi ɓoyewa, domin yana tsoron a canza masa suna a cikin tsara, don haka ya fi bukatar uba ko kawu ya jawo shi jiki.

Game da rigakafi kuwa, addini ya riga ya shimfiɗa mana shi: raba wa yara wurin kwana idan sun kai shekara goma, kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito, da koya musu neman izini a lokuta uku da aya ta 58 ta Suratun Nur ta ambata. A koya wa yaro tun yana ƙarami cewa al'aurarsa ba mai gani ba mai taɓawa, kuma duk babban da ya ce masa kada ka gaya wa innarka, to wannan maganar ita ce farkon abin da zai gaya mata. Malaman makarantun allo su raba makwancin ƙanana da na manya, su riƙa zagayawa da dare, karatun ɗalibi guda kuma a yi shi a fili inda ido ke gani. Uban da ke shirin tafiya cin rani, kafin ya hau mota ya ambaci sunan wanda ya bar wa kulawar ɗiyansa, a gaban uwarsu da liman. Allah shi ne mafi sani.